Suna na Sha Bakwai a Jerin Waifai

Talata, 5 ga Agusta, bayan la'asar

Kwana goma sha uku.

Wannan littafin na darasin Bayoloji ne, rabinsa babu rubutu. Ba zan rubuta abin da ya faru ba. Mata sun shigo sun faɗa, sun fita, wasu sun shigo sun sake faɗa, har ya koma kamar labarin wani gida. Ni maganar waifai zan rubuta.

Rautarmu, akwatin waifai ɗin, tana falon Baba, can gaba kusa da zaure. Yanzu Baffa Ɗalha ke kwana a wurin, ƙanin Baba da ya zo daga Dodoru. Ya ajiye gwangwanin madara kusa da kujera yana tofa kaki a ciki, kuma ni ake aika na zubar. Inna tana takaba a ɗakin ƙurya, ba ta fita ko ƙofar gida, kuma sabis ɗin ba ya wuce garken awaki. Adda Zahra'u tana Kaduna da cikin wata takwas, likita ya hana ta hanya. Kullum sai ta kira tana kuka tana son ganin fuskar Inna. Mijinta ya ce zai turo wani Malam Ibrahim daga Kalgo ya ƙara mana akwati na biyu a cikin gida.

Wayar Baba har yau ba a gan ta ba. Inna ta ce a asibiti ta ɓace. Baffa ya tambaye ta sau uku ta bayan labule, a na ukun ta rantse.

Baba ba ya tura wa kowa saƙon murya, kira yake yi. Amma yana ɗaukar muryarsa shi kaɗai, don tuni. Malamin dabbobi ne a Kalgo, idan ya duba garke sai ya tsaya gefen hanya ya gaya wa wayar abin da ya gani. Duk muryarsa da ta rage a duniya tana cikin wayar nan. Jiya na so na tuna yadda yake cewa “Mufida”, sai muryar Baffa ta zo mini.

Alhamis, 7 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Mai akwatin ya zo.

Zan faɗi gaskiya tunda babu mai karantawa. Tun jiya na riga na gina shi a kaina. Dogo, farar shadda, yatsu sirara, ƙamshin turaren da ke tsayawa a zaure bayan mutum ya tafi. Ba ya yawan magana saboda wani abu da ya same shi a baya. Har na ji kunyar kaina, muna cikin wannan hali ina irin wannan tunani, amma na sa hijabin da ba shi da tabo.

Malam Ibrahim gajere ne, ya kai hamsin. Haƙoransa jajawur da goro. Farcen ɗan yatsansa na ƙarshe dogo ne, da shi yake ɓare kebul, da shi yake sosa kunne.

Baffa ya ce namiji ba zai shiga cikin gida ba, ana takaba. Malam Ibrahim ya ce to akwatin da kansa zai tafi? Suka dube ni.

“Ƙanwata, kin taɓa hawa silin?”

Na girgiza kai.

“To yau kin fara.”

Dole kebul ya tashi daga rautar falo, ya bi ta cikin silin, ya sauka a barandar Inna. Na hau tsani da tocila a baki. Ban san haka saman gidanmu yake ba. Kashin jemage ya yi tudu, damina ta jiƙa shi, tafin hannuna yana nutsewa. Akwai ƙadangare da ya bushe da bakinsa a buɗe. Warin ya shiga har cikin haƙorana. Shekara goma sha shida ina kwana a ƙarƙashin wannan ina mafarkin gidajen da ake fesa wa turare.

Shi yana zaure yana ɗaga murya, ni ina baranda ina amsawa a hankali, Gwaggo Dije, yayar Baba, tana tsakar gida tana isar da saƙo tana ƙara nata.

“Ya ce ki tura shi cikin ramin akwatin.”

“Wane? Biyar ne.”

“Ta ce biyar ne. Ni dai na ce a bar yarinyar ga ta yi wanka.”

“Wanda duk ta gani kusa,” in ji shi, don wayarsa ta yi ƙara a lokacin.

Na tura a shuɗin, saboda shi kaɗai ne daban. Fitila ta kama. Ya ce suna ɗaya da fasuwod ɗaya ya sa wa akwatunan biyu, don waya ta riƙa bin wanda ya fi kusa ba sai an taɓa ta ba. Ya kuma buɗe wani suna daban na baƙi. Ya sha kunu kofi biyu ya tafi.

Na yi wanka sau biyu. Har yanzu ina jinsa a gashina.

Juma'a, 8 ga Agusta, azahar

Babur huɗu sun tsaya a layinmu. Duk na maƙwabta ne, amma kowanne sai da na leƙa kamar Baba ne ya dawo.

Asabar, 9 ga Agusta, da hantsi

Haɗe, amma babu intanet. Haka wayata ke rubutawa tun jiya. Idan na je gaba ta yi, idan na dawo ciki ta tsaya, wani lokaci ma gaban ya ɗauke. Baffa ya kasa jin wa'azinsa, ya ce dama abin lafiya lau yake sai da aka sa hannun mace.

Gwaggo ta kira Malam Ibrahim ta miƙa mini. Ban taɓa magana a waya da namijin da ba ɗan gidanmu ba. Yana tauna wani abu.

“Wane rami kinka sa?”

“Shuɗin.”

“Wa ya ce shuɗi?”

Ban ce shi ne ya ce kowanne ba. 

Ya ce na mayar da shi cikin rawaya. Sannan ya ce akwai wata matsalar. Duk wayar da ta shigo, rauta ce ke ba ta lamba don a san inda za a kai mata saƙo. Yanzu akwatunan biyu kowanne yana rabon lamba, waya ta karɓi ta wannan ta je wa wancan da ita, shi kuma ya ce bai san ta ba. Sai an hana sabon rabo, a bar wa babba. Ya karanto mini wasu lambobi na rubuta a inda ake rubuta adireshin shafi, sai ga cikin akwatin ya buɗe, duk Turanci da layuka. Na kashe abin da ya ce na kashe. Na cire wuta, na ƙirga ashirin, na mayar.

Ya yi.

“Ai kina da kai,” in ji shi, ya yi gyatsa a kunnena.

Asabar, bayan magariba

Adda ta ga Inna. Na riƙe musu wayar, don ta Inna ƙarama ce mai madannai. Minti goma babu wadda ta ce komai mai ma'ana. “Kin ci abinci?” “Ke kin ci?” Adda ta kumbura, hancinta ya baje. Inna ta sa yatsa a kan gilashin ta bar tabon man kaɗe.

Litinin, 11 ga Agusta, ƙarfe huɗu

Labari ya zaga unguwa cewa gidan makoki akwai waifai har tsakar gida.

Indo maƙwabciyarmu ta zo gaisuwa karo na shida. Ta yi “Allah shi jiƙan rai” a ƙofar Inna, ko zama ba ta yi ba, ta juyo wurina.

“'Yar gari, sa mini abin nan mana.”

Na sa mata fasuwod na baƙi. Ban iya cewa a'a ba, ban taɓa iyawa ba. Ta zauna a kan turmi tana cin ɗanwaken sadaka da hannu ɗaya tana kallon rawar biki da ɗayan, mai yana gangarowa har gwiwar hannunta. Ta ba ƙanwarta, ƙanwar ta ba ƙawarta. Yanzu idan Adda ta kira fuskarta tsayawa take yi da baki a karkace.

Inna ta sake aron cajata. Na ce ai bakinta ba zai shiga ƙaramar wayarki ba. Ta ce na ajiye dai.

Na karanta babi tara na wani littafi. Ya riƙe mata hannu a filin jirgi. Ban ji komai ba.

Talata, 12 ga Agusta, bayan azahar



Na tura wa Malam Ibrahim saƙo cewa abin ya yi nauyi. Ya ce na shiga shafin babbar rautar, akwai jerin duk wayoyin da suka haɗu da ita, na ƙirga. Ashirin da uku. Yawancinsu lambobi ne da sunan kamfani. Akwai “Indo Gimbiya”. Akwai wani “Sarkin Yaƙi” da ban san ko waye ba.

Na sha bakwai: “Baba na kaina”.

Ni na rubuta wannan sunan, bara, ranar da ya sayo wayar ya ce na saita masa. Ya karanta ya ce to saura a rubuta a goshinsa.

A gefen sunan an rubuta tana haɗe. Yanzu. Na zauna a kan matakala ina kallo har ta ɗauke, wajen ƙarfe uku.

Laraba, 13 ga Agusta, da safe

Na tambayi Malam Ibrahim ba tare da na ce wayar wa ba. Ya ce waya ba ta haɗuwa daga nesa, sai tana cikin gida ko jikin katanga. Na ce idan an sace ta fa? Ya ce ɓarawo abu na farko da yake yi shi ne ya kai a yi mata filashin, a goge komai, kuma idan an goge ta manta fasuwod, ba za ta ƙara fitowa a jeri ba.

Ke nan muddin ina ganin sunan, muryar tana ciki.

Na san wanda ya ɗauka. Shi ya fara isa asibiti. Shi ke tattara kayan Baba a ɗaki guda yana kullewa, riguna, rediyo, akwatin allurai, babur, wai kafin rabo. Tunda Baba bai bar namiji ba kowa ya san inda saura zai tafi. Kuma shi ne ya tsaya bayan labule ya sa Inna rantsuwa, alhali abin yana aljihunsa. Yau da na kai masa koko na kalli wuyansa, gumi ya taru a cikin ninkin.

Ban gaya wa Inna ba. Tana da abin da ya ishe ta.

Laraba, ƙarfe biyu da rabi

Tana nan.

Alhamis, 14 ga Agusta, ƙarfe biyu

Tana nan. Kullum bayan azahar take fitowa, lokacin da Inna ke rufe ƙofa ta yi wuridi, gida ya yi tsit. Ya iya zaɓen lokaci.

Juma'a, 15 ga Agusta

Tana nan.

Na shirya abin da zan gaya masa. Na tsaya a banɗaki na faɗa a hankali sau biyar. A kaina ina tsaye, hijabina yana kaɗawa, shi yana durƙushe. Da na je ɗaukar gwangwanin ya ce “ke, wanke shi da toka”, na ce to.

Lahadi, 17 ga Agusta, la'asar

Ba ta fito ba jiya. Ba ta fito ba yau.

Jiya da na duba ban gan ta ba sai na fita bayan garke na yi amai. Akuya ta zo tana shinshinawa.

Sabon akwatin ma ya mutu tun jiya da safe, fitilarsa ta koma ja. Adda ta kira ta ƙaramar wayar Inna tana faɗa. Na kashe na kunna, na canza rami, na hura ramin. A ƙarshe na hau silin. Ɓera ya ci kebul ɗin a wuri biyu, har zaren cikin ya fito kala-kala, kuma ya haihu a kusa da wurin, 'ya'ya shida jajaye marasa gashi suna motsi a cikin yagaggen buhu. Malam Ibrahim ya ce zai ba direba sabo, na sa shi cikin tiyon ruwa kafin na shimfiɗa.

Me zan yi da kebul yanzu.

Litinin, 18 ga Agusta, ƙarfe biyu da kwata

Na shimfiɗa sabon da safe, cikin tsohon tiyon ban-ruwa na Baba. Fitila ta koma kore.

Ta dawo. Tana nan. Ban san inda ya kai ta kwana biyu ba, amma ba a goge ba. Na yi sujada a kan simintin baranda.

Na canza fasuwod na sabon suna da Malam Ibrahim ya buɗe wa baƙi, na bar namu yadda yake don kada wayar Baba ta kasa shiga. Indo ta ce na fara girman kai.

Talata, 19 ga Agusta

Ba zan rubuta yau ba.

Laraba, 20 ga Agusta, da hantsi

Zan rubuta, don idan ban rubuta ba zan gyara shi a kaina har na zama mai gaskiya.

Jiya bayan azahar Baffa ya kira ni ƙofar falo. Gwaggo Dije tana wurin. Ya ce data ta ƙare tun wata bai ƙare ba, kuma ya san dalili, wata ce ke kwana tana karatun banza na soyayya ubanta ko arba'in bai yi ba. Ya ce zai cire akwatin cikin gida.

Ban faɗi abin da na shirya a banɗaki ba. Abin da ya fito shi ne, “Wanda ya ɓoye wayar Baba shi ya kamata ya ji kunya.” Muryata kamar ta ɗan tsako.

Na jira ya firgita. Bai firgita ba. Ya ajiye goron da ke hannunsa.

“Mi kinka ce?”

Na nuna masa jerin. Ya sa tabarau, ya bi da yatsa, ya karanta sunan a fili, a hankali, “Baba, na, kaina.” Sai ya kira Malam Ibrahim ya buɗe murya. Malam Ibrahim ya ce ai da sauƙi, babbar rauta tana nuna kowa, amma ƙaramin akwatin yana da nasa jerin na waɗanda ke jikinsa kawai. Ya ce na buɗe wancan.

Na buɗe. Waya biyu. Ta Gwaggo da ta bari a kan tabarma, da ita.

“To tana wajen mata,” in ji Malam Ibrahim. “Kusa da akwatin ƙwarai ma, sabis ɗinta cike yake.”

A lokacin na tuna caja. Na tuna ƙofar da ake rufewa bayan azahar. Na tuna kwana biyun da ɓera ya ci kebul. Duk suna cikin littafin nan da hannuna, na rubuta su ɗaya bayan ɗaya kamar jaka.

Baffa ya ce, “Dije, shiga.”

Gwaggo ta yi sallama sau biyu kafin a buɗe. Ina bayanta. Inna tana kan sallaya, idonta ya kumbura. Ba a tambaye ta komai ba. Ta dube ni, ta dubi wayar da ke hannuna, ta sa hannu ƙarƙashin katifa ta jawo safar Baba, ruwan toka, ta zazzage wayar.

“Haba Halima,” in ji Gwaggo. “Da rantsuwa?”

“Ga ta. Ki gaya mishi na yi ƙarya.”

Baffa bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Daga zaure ya ce kayan mamaci haƙƙin magada ne, ko allura ce, kuma shi ba zai ɗauki wannan nauyin zuwa kabarinsa ba. Indo tana tsakar gida. Kafin magariba duk layin sun ji.

Alhamis, 21 ga Agusta, da safe

Inna ta ce wa Gwaggo ta gaya mini na ɗauke cajata.

Alhamis, la'asar

Na ga fuskata a cikin ruwan randa na rufe da faifai.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan an sauko masallaci

Adda ta kira. Na riƙe musu wayar kamar kullum. Inna ta yi magana da ita minti ashirin, hannuna yana daf da fuskarta, ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Kamar ƙusa ce aka rataya wayar a kai.

Baffa ya ce gobe zai je Kalgo karɓo sauran kayan Baba a wurin aiki, zai bar wayar a shagon Malam Ibrahim a goge ta. Ya ce ba ya son ya san sirrin ɗan'uwansa, kuma ba ya son wani ya sani. Talata zai koma ya karɓa.

Asabar, 23 ga Agusta, ƙarfe ɗaya

Na kira shi da kaina. Sau uku ina dannawa ina kashewa.

“Malam, don Allah kada ka goge tukuna.”

“Ƙanwata, aiki anka ba ni.”

Na gaya masa abin da ke ciki. Ina jin janareta da wani yana tallan rake ta bayansa.

“Babanki Malam Haliru ya taɓa yi wa tunkiyata ɗinki a bakin shagon ga,” in ji shi. “Sai Litinin da yamma nika taɓa ta. Amma a kulle take, ni kuma ban buɗe wayar mamaci da dabara. Ki taho da abin buɗewa, ki taho da babba.”

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan azahar

Gwaggo ta yarda za ta raka ni tun kafin na gama. Ta ce tun ranar Talata abinci ba ya mata daɗi. Ta ce za ta gaya wa Baffa za mu kai akwati gyara, ni na cire masa wuta don ya zama ba ƙarya ce tsantsa ba. Na cire.

Saura Inna.

Na shiga na durƙusa. Tana fuskantar bango da carbi. Na ce mata gobe zan je Kalgo, na ce mata dalili, na ce ban san zanen da ake buɗe wayar da shi ba, Baba ya canza bayan wanda na sa masa. Na so na ce ta yafe mini, amma kalmar ta yi mini kama da ta cikin littafi, na haɗiye.

Ta ja carbi har ya zagayo. Sannan ta miƙo hannu ta baya ba tare da ta juyo ba, ta kama nawa, ta buɗe tafin. Ta zana da yatsa. Sama, ƙasa, gefe, sama. Ta sake zanawa. Ta rufe mini yatsuna a kai ta saki.

Litinin, 25 ga Agusta, bayan magariba

Mota biyu, ta Birnin Kebbi sannan ta Kalgo. A ta farkon an ɗora buhun busasshen kifi a kan ƙafata, wata mata kuma tana goge wa ɗanta hanci da gefen hijabina tana zaton nata ne.

Shagon rumfar kwano ce a bakin kwata. Ruwan kwatar kore ne yana kumfa. Ciki warin dalma da gumi, matattun wayoyi cike da kwali, ƙudaje a kan ɓawon mangwaro. Ya share benci da hularsa ya ce Gwaggo ta zauna. Ya ciro wayar daga aljihun gaba, ba daga kwalin ba.

Zanen ya buɗe a karo na farko.

Muryoyin da ya ɗauka, ɗari uku da goma sha ɗaya. Wasu minti ɗaya, wasu goma. Na fara turawa zuwa wayata, ta karɓi arba'in ta ce babu wuri. Tsohuwar wayar Adda ce, ba ta da ramin memori. Ta Gwaggo cike take da hotunan jikoki, gilashinta ma a fashe.

“Mi ya cika ta haka?” in ji Malam Ibrahim. Ya duba kafin na hana. “Littattafai ne? Har da masu karantawa da murya?”

Na ji kamar na shige kwatar.

“Matata ma haka,” in ji shi. “Ni dai ban taɓa ganin namiji mai irin wannan lokacin ba. To zaɓi.”

Na goge. Shekara uku ina tara su, wasu sai da na roƙi 'yan ajinmu, akwai wanda saura babi biyu na gama. Na danna zaɓi duka. Ta tambaye ni ko na tabbata. Gwaggo tana cin gyaɗa tana tofar da ɓawon a ƙasa.

Awa ɗaya da rabi. Na ƙirga a wayata, na ƙirga a ta Baba, na sake ƙirgawa. Sannan na miƙa masa. Ya ce ba sai na tsaya na gani ba. Muka fito.

Ban saurari ko ɗaya ba a hanya. Na riƙe wayar a cikin hijabi da hannu biyu har muka iso gida Gwandu.

Talata, 26 ga Agusta, ƙarfe uku

Na mayar wa akwatin wuta da safe, na tura wa Adda duka. Ya ɗauki har azahar, sau biyu yana tsayawa.

Da Inna ta tashi rufe ƙofa ina tsaye a bakin. Ba ta ce shigo ba. Ba ta rufe ba.

Na zauna a ƙarshen tabarma na ajiye wayar tsakaninmu. Na zaci zan ji ya ambace mu. Na zaci akwai wani saƙo da ya bari, irin wanda ake samu. Babu. Iska ce, da kukan shanu, da shi yana gyaran murya yana tofar da yawu. “Maruda, garken Alhaji Buba, saniya biyu na zawo, ɗaya da jini.” “Dalijan, a koma ranar Laraba da maganin kaska.” “Taya ta sake yin faci, wannan babur sai haƙuri.” A ɗaya ya manta bai kashe ba, minti bakwai yana cin rogo.

Akwai wani daga Dodoru. Bijimi ne da rauni a kofato, ya ce da ya matse sai tsutsotsi suka zubo, farare, masu ƙiba, ya ƙirga goma sha tara, warin ya sa mai garken ya gudu ya bar shi riƙe da ƙafar. Yana faɗa yana ƙoƙarin ya ci gaba da muryar aiki, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda take ƙarewa da tari.

Na kai hannu zan wuce zuwa na gaba.

“Mufida,” in ji Inna. Tun ranar Talatar can ba ta kira sunana ba. “Mayar da na tsutsar nan.”